Bayan BEPC da bak, ina ɗan ƙaramin gari zai dosa?

"Assalamu alaikum Mushe. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa cinikin hatsi da wake a wani ƙaramin gari cikin yankin Magarya a Nijar. Ɗiyata mai shekara 16 ta samu BEPC, takardar gama kwaleji, bana, garinmu kuwa CEG, wato kwalejin, kawai gare mu, babu lise, makarantar da ke gaba da ita. Ɗan wana marigayi da nake riƙo, wanda ya yi lise a Magarya, shi ma ya samu bak D, takardar gama lise ta ɓangaren kimiyya. Wasu sun ce in kai su Damagaram, wasu Yamai, wasu kuma sun ce Kano ta fi. Akwai ma masu cewa in yi wa yarinyar aure, yaron in ba shi jari, tunda masu digiri na zaune ba aiki. Ƙarfina kaɗan ne. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam Malam. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka, ya jiƙan ɗan'uwanka, ya saka maka riƙon maraya. Gida ɗaya a karkara ya fitar da mai BEPC da mai bak cikin shekara guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san ba a banza ya zo ba.

In na fahimce ka, abu uku kake tambaya a dunƙule: wace makaranta ta dace da kowane ɗayansu, a wane gari, kuma ko wahalar za ta biya. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a CEG na karkara kafin a maido ni wata lise cikin Damagaram, inda na riƙe sha'anin ɗalibai har na yi ritaya. Abin da waɗannan shekaru suka nuna mini shi ne, ɗan ƙaramin gari ba kasafai darasi ke kayar da shi ba. Wurin kwana ne, da abin da zai ci, da wanda zai sa masa ido. Don haka zan fi daɗewa a kan wannan fiye da sunayen makarantu.

Tsanin da yaran ke hawa

Tsarinmu dai ka san shi: shekara shida a firamare daga CI zuwa CM2, huɗu a kwaleji har BEPC, uku a lise har bak. Jami'a kuma ta koma tsarin da ake kira LMD, wato shekara uku lasisi (digirin farko), biyu masta, uku dokta. A takarda tsani ne miƙaƙƙe. A ƙasa kuwa, kowane mataki da yaro ya hau sai makarantar ta ƙara nisa da ɗakin uwarsa. Firamare tana cikin gari, CEG wataƙila a garin da ke da magajin gari, lise a babban garin yanki irin su Magarya, Matamai, Mirya, Gure ko Tanut, jami'a kuma a Damagaram. Ɗan unguwar Birni ko Zango a cikin Damagaram yana iya gama wannan duka yana cin tuwon gidansu. Naka yaran kuwa kowane hawa sai sun yi ƙaura.

Duk da haka zamaninsu ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba. Lokacin da muka samu bak, jami'a ɗaya ce ta gwamnati a ƙasar, ta Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970 kuma daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Tsakaninmu da ita kusan kilomita 900. Uwa ta sallami ɗanta da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo, ba ta sake ganinsa sai babban hutu. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Tamu ta nan yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram kuma ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Daga Magarya zuwa ƙofarta tafiya ce da za ka yi da safe ka koma gida kafin magariba.

Gidan da yaro zai kwana

Wata shekara ina da ɗaliba a ajin farko na lise, daga wani ƙauye kudu da Mirya. Ta zo da sakamako mai kyau ƙwarai, lissafinta tsaf. Wata uku ba a yi ba ta fara barci a aji, makinta ya zube daga 14 zuwa 6 cikin 20. Da na kira ta sai ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Hannunta na kalla, tafin duk ya yi kanta. Ashe gidan da aka sauke ta, ita ce mai ɗebo ruwa. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram lokacin bazara. Yarinyar nan tun kafin kiran assalatu take bin layin famfo da jarka, ta yi sawu uku ko huɗu, ta share tsakar gida, ta wanke kwanoni, sannan ta taho makaranta a ƙasa ba ta karya ba. Da dare kuma fitila ɗaya ce a gidan, tana ɗakin maigida. Masu gidan ba mugaye ba ne. A ganinsu sun yi zumunci, sun ba ta wurin kwana da tuwo, ita kuma tana taya aiki kamar kowace ɗiya. Mahaifinta bai taɓa zuwa ya gani ba, saƙo kawai yake yi da direban motar kasuwa. Ranar da na sa aka kira shi ya zo, ya zauna da mai masaukin, suka yi magana ta mutunci, ya ɗauki nauyin kuɗin mai ga-ruwa da ƴar fitila mai aiki da hasken rana. Yarinyar ta gama, yau ungozoma ce.

Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma ba kullum yake ƙarewa da daɗi ba. Maza su kan haɗu su huɗu ko biyar su kama ɗaki, babu babba a kansu. Wata na farko ana karatu, na biyu hatsin da aka zo da shi ya ƙare, na uku wani ya ari babur ya fara kabu-kabu da yamma don ya samu na abinci, daga nan yamma ta cinye safiya.

Saboda haka kafin ka tsayar da makaranta, tsayar da gida. Ka taka da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ga ɗakin da yarinyar za ta kwana da waɗanda za ta kwana da su. Ka auna nisan gidan da makaranta. Ka yi magana da uwargida, don ita ce mai riƙon, ba maigida ba. Ku yanke tun farko tiya nawa ta hatsi za ka riƙa aikowa a wata, da kuɗin cefane, da aikin gidan da za ta yi da wanda ba za ta yi ba a ranakun makaranta. Mutanenmu na jin nauyin irin wannan magana da dangi, ni kuwa na ga zumunci da yawa da ya lalace saboda ba a yi ta ba. Gwamnati ta fara gina wa ƴan mata gidajen kwana na makaranta, na Kelle cikin yankin Gure na daga cikin na farko, amma har yanzu ba su wadatu ba, mafi yawan iyaye da mai masauki suke dogara.

Ita ɗiyar taka

Shawarata ta farko, kada ka tsallake Magarya ka kai ta Damagaram don sunan birni kawai. Manhaja ɗaya ce, jarrabawar bak ɗaya ce a duk ƙasa. Gaskiya ne tsofaffin makarantu irin su lise Amadou Kouran Daga sun fi samun ƙwararrun malamai, musamman na kimiyya, amma azuzuwan birni a cike suke maƙil, kuma yarinya mai shekara 16 da za ka iya leƙawa duk ranar kasuwa ta fi wadda sai an yi wata biyu ba a gan ta ba. Ga shi kuma yayanta ya riga ya zauna a Magarya, kun san gidan, kun san halin mutanensa. In kuwa a Damagaram kake da gwaggo ko inna ta ƙwarai wadda za ta riƙe ta kamar ta cikinta, a Magarya babu, to sai lissafin ya juya. Gidan ne zai zaɓa maka gari.

A lise za a tura ta ko dai ɓangaren A, na adabi da harsuna da falsafa, ko ɓangaren C, wanda daga baya yake rabuwa zuwa C da D, na lissafi da kimiyya. Kada a bi son zuciya a nan. Ka karɓi takardun makinta na shekara biyu na ƙarshe ka kai wa malaminta na lissafi, ka ce ya gaya maka tsakaninsa da Allah. In tana samun 12 ko fiye cikin 20 a lissafi da kimiyya ba tare da jan ƙafa ba, ta shiga C, don ƙofofin likitanci da fasaha ta nan suke. In ba haka ba, A ba abin kunya ba ne, daga nan alƙalai da malamai da ƴan jarida ke fitowa.

Akwai wani gwaji da nake yi wa kowane sabon ɗalibi, kai ma kana iya yinsa a zaure ko da ba ka yi lakwal ba. Ka ba ta shafi ɗaya na littafin Faransanci ta karanta a bayyane, sannan ta rufe ta faɗa maka da Hausa abin da ya ce. In ta kawo shi daki-daki, tana fahimta. In ta karanta da gudu amma ta kasa fassarawa, hadda take yi, kuma lise ba ta ɗaukar hadda. Wannan ciwo ya daɗe: yaro na tunani da Hausa ana tambayarsa da Faransanci. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma takardar bak da za a ajiye gabanta da Faransanci za ta zo. In gwajin ya nuna rauni, hutun nan ta yi shi da littafi a hannu, ko da awa ɗaya ce bayan la'asar.

Lise ba ita kaɗai ce hanya ba. Ka tuna shekara uku ce, kuma bak ɗin kansa ba sana'a ba ne, mabuɗi ne na wasu shekaru uku ko fiye. In ka duba rumbunka ka ga ba zai ɗauki shekara shida ba, gara gajeriyar hanya mai ƙarewa da takardar aiki. Muna da makarantar kiwon lafiya ta gwamnati, ENSP, a nan Damagaram, kuma an daɗe ana horar da masu BEPC shekara uku su fito ƙananan ma'aikatan lafiya. Akwai makarantar horon malamai ta Askia Mohamed. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFPT da CFM, masu koyar da ɗinki, lantarki, gyaran injuna da sauransu, ga lise ta fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi. Sharuɗɗan shiga waɗannan, wato takardar da ake nema da iyakar shekaru da ranar gasar shiga, ana sauya su lokaci zuwa lokaci, don haka daga bakin hukumar makarantar za ka ji na bana.

Maganar aure kuwa, ba zan ce maka aure ba alheri ba ne. Amma na rubuta sunayen ƴan mata da yawa a rajista waɗanda aka ce za su ci gaba daga ɗakin miji, kaɗan ne ƙwarai na gani a zauren jarrabawa. Ciki na fari ya zo, sai goyo, sai shekara ta wuce. Tun 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi kare karatun ɗiya mace, amma ni ba da doka nake roƙonka ba. Ka tuna matan garinku da ke ƙin zuwa awo don namiji ne a ɗakin. Wadda za ta zauna a kujerar nan ɗiyar wani ce, kuma taka ta riga ta yi rabin tafiya. Ka kira ta, da mahaifiyarta a wurin, ka tambaye ta abin da take so. Sau da yawa ita kaɗai ce ba a tambaya ba.

Shi kuma mai bak D

Bak D tana da faɗi. A jami'ar André Salifou akwai sashen kimiyya da fasaha, da na kiwon lafiya inda ake karatun likita, da na adabi da ilimin ɗan Adam, da na ilimin koyarwa, sannan akwai IUT, cibiyar fasaha mai gajeren zango. Kowane yaro mai D likita yake so ya zama, kuma kowane uba haka yake so. Sai dai karatun likita shekara bakwai ne ko fiye, wuraren kaɗan ne, ana tace masu shiga da maki. In bak ɗinsa ta zo da yabo, tun zagayen farko, ya nema da ƙarfinsa. In da ƙyar ya haye a zagaye na biyu, kada a ɓata masa shekara biyu yana maimaita aji ɗaya har zuciyarsa ta mutu.

Ga yaro maraya wanda ake jira ya fara tallafa wa gida, ni IUT nake fara dubawa. Shekara biyu a samu DUT, takardar fasaha ta jami'a, a ƙara ɗaya a samu lasisin sana'a. Ana koyar da abubuwa irin su awon ƙasa da tsara birane, sufuri da jigilar kaya, tsabta da kariyar ma'aikata, da fasahar man fetur, ga matatar SORAZ nan arewa da gari tana aiki tun 2011. Ba ina ce maka duk wanda ya fito matatar za ta ɗauke shi ba. Amma mai awon fili ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba yana da abin yi, don kullum ana yanka filaye ana rikicin iyaka. In noma da kiwo ne a ransa, tunda a gona ya tashi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da sashen aikin gona, akwai kuma IPDR ta Kollo. Shari'a da tattalin arziki an fi sanin Tawa da Yamai da su. Injiniyan ma'adinai sai EMIG a Yamai, ita ma da gasa ake shiga. Ƙa'idata ita ce, kada yaro ya tafi Yamai sai don abin da babu shi a nan. Haya da abinci da kuɗin mota na can sun isa su karya mai ƙaramin ƙarfi.

Ya ajiye takardun neman tallafin karatu a hukumar ANAB da wuri, ya kuma nemi ɗaki da tikitin abinci a CROU, ofishin da ke kula da kwana da cin ɗalibai. Amma kada ka gina lissafinka a kan burs, wato tallafin karatun. Ba kowa ke samu ba, ana duba maki da shekaru, wanda ya samu ma yakan yi watanni yana jira. Haka kuma yajin aikin malamai ko na ɗalibai yakan ja shekarar karatu ta zarce lokacinta. In an ce maka lasisi shekara uku ce, kai ka yi tanadin huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin kaka, sa'ad da wake ke hannunka, ka ware buhunan karatu daban, kada su haɗu da na ci ko na biki.

Kano da makarantu masu zaman kansu

Kano kusa take, ta fi Yamai kusa da ku sau da yawa, kuma Jami'ar Bayero babbar jami'a ce, haka ta Ahmadu Bello a Zariya. Yaranmu da dama sun yi karatu can sun dawo da Ingilishi, abin da ke da daraja wurin ƙungiyoyin agaji da kamfanoni. Amma yaron da ya yi shekara 13 da Faransanci sai ya ba da kusan shekara guda ga harshe kafin ya fara fahimtar malami. Kuɗin makaranta na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, rufe iyaka kamar wanda aka yi a 2023 yana iya raba shi da gida, in ya dawo kuma sai an daidaita takardarsa da ta nan kafin ya shiga gasar aikin gwamnati. Ga mai ƙarfi da dangi a Kano hanya ce mai kyau. Ga wanda ya ce mini ƙarfinsa kaɗan ne, ba ita zan fara nuna masa ba.

Makarantu masu zaman kansu kuwa sun yi yawa, na lafiya da na kasuwanci musamman. Akwai na ƙwarai a ciki, akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi abin da ke ciki kyau. Wani tsohon ɗalibina ya yi shekara uku a irin wannan, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya, ranar ajiye takardun gasa aka ce ba a san takardarsa ba. Ya zo gidana da ita cikin leda, ya ajiye a kan tabarma, ya kasa magana. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni nakan ce ya nemi abu uku kafin ya biya ko dala: takardar izinin gwamnati ta wannan fannin da yaron zai karanta, ba ta makarantar kawai ba, ko ɗalibansu na zama jarrabawar ƙasa, irin BTS ta gwamnati ko ta ma'aikatar lafiya, da kuma ko CAMES, hukumar da ke tantance takardun manyan makarantu a ƙasashenmu masu Faransanci, ta amince da takardar. Sannan ya nemi wanda ya gama can shekara biyu da suka wuce ya ji inda yake yanzu.

Masu cewa babu aiki

Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk masu fitowa, da yawa su yi hidimar ƙasa shekara biyu su dawo gida, wasu su shiga koyarwar kwantaragi da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Amma ka duba su wane ne ke zaune. Galibi waɗanda suka shiga fanni ne don nan aka samu wuri, ba tare da sun taɓa tambayar aikin da yake kaiwa ba. Shi ya sa nake cewa a faro daga ƙarshe: yaro ya faɗi aikin da yake hange, a nemo mai yin wannan aikin a zauna da shi, sannan a bi sawu baya-baya har zuwa makarantar. Jari kuma ba kishiyar karatu ba ne. Lokacin hutu ka riƙa tafiya da shi kasuwa, ka ba shi littafin shiga da fita ya riƙe. In aikin ofis ya zo, madalla, in bai zo ba, ya san awo ya san farashi, ga ilimi a kai.

Ban ga yaran nan ba, ban ga makinsu ba, ban kuma san dangin da kake da su a kowane gari ba, don haka abin da na faɗa ma'auni ne, kai za ka ɗora nasu a kai. Malaman da suka koyar da su sun fi ni sanin ƙwaƙwalwarsu. Abin da ke gabanka cikin makon nan dai shi ne takardu: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa da hotuna, kowanne a yi kwafi a buga masa hatimi. Ka duba da kyau sunan da ranar haihuwar da ke kan takardar haihuwa su zama daidai da na kan BEPC da bak, harafi da harafi. Na ga yaron da aka mayar daga layin gasa saboda an rubuta Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, kuma gyaran irin wannan sai an bi ta kotu, yakan ci makonni.